Amsata daban, ta bayan littafi daban: wa zan bi?

"Assalamu alaikum Malam. Ina shirin jarrabawar kimiyyar kwamfuta, saura wata huɗu. Na tara tsofaffin tambayoyi da na gwaji, waɗanda na yi sun haura dubu. Matsalata biyu ce. Ta farko, in na duba amsa sai in ga ai na gane, amma bayan sati biyu da an ɗan juya tambayar sai in faɗi. Ta biyu, sau da yawa amsata takan saɓa da ta bayan littafi. In na tambayi abokan karatu kowa ya kawo tasa, in na tambayi manhajar ƙirƙirarriyar basira ta ba ni wata daban. Har na fara shakkar abin da na sani ma. In ci gaba da tara tambayoyi ne, ko in koma karatu tun daga farko?"

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Abu biyu kika kawo: me ya sa abin da kika gane jiya yake zubewa yau, da kuma wa za ki gaskata in amsoshi suka yi karo. A shekarun da na yi ina koyar da wannan fanni ina kuma duba takardun ɗalibai, na lura cewa biyun nan tushensu ɗaya. Ɗalibi ya saba wani ne ke yanke masa hukunci a kan tambaya, ko littafi, ko aboki, ko manhaja, alhali shi da kansa zai iya yankewa da biro da takarda. Game da tambayarki ta ƙarshe kuwa, kada ki koma farko, kada kuma ki ƙara tarin. Dubun nan da ke hannunki sun ishe ki har su yi saura. Yadda kike yin su za mu gyara.

Fanninmu yana da wata falala da wasu fannoni ba su samu ba. Mai karatun tarihi, in littattafai biyu suka saɓa masa, sai ya nemi na uku. Ke kuwa yawancin abin da za a tambaye ki ɗan ƙaramin inji ne da za ki iya tuƙawa da hannunki. Ki ɗauki lambobi biyar ki bi su mataki-mataki yadda algoridim, wato jerin matakan warware matsala, ya tsara, ki zana bishiya mai kulli uku, wato ɗigo uku haɗe da rassa, ki ƙirga, ki rubuta layi goma na kod ki kunna ki gani. Gani ya kori ji. Wanda ya saba da haka, shakka ba ta cika kwana a ransa ba.

Gane amsa daban, samar da ita daban

In kina karanta warwarar tambaya, kowane mataki yana bin na gabansa sumul, sai zuciya ta ce ai wannan ba wuya. Abin da ba ki lura da shi ba, an riga an yi miki aikin da ya fi nauyi, wato zaɓen ta inda za a fara. A ɗakin jarrabawa kuwa babu mai raɗa miki wannan.

Masana sun gwada abin. A 2006, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka sun ba ɗalibai gajerun rubuce-rubuce su karanta. Wasu aka bar su su maimaita karatun, wasu aka karɓe takardar aka ce su rubuta duk abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti 5, masu maimaita karatu ne a gaba. Da aka gwada bayan sati ɗaya, sai reshe ya juye da mujiya, waɗanda suka sha wahalar tunowa suka wuce su. Abin da ya fi ba ni sha'awa a binciken, masu maimaita karatun su ne suka fi sakankancewa cewa za su tuna. Wannan "ai na gane" da kike ji, shi ne dai.

Ga misalin da nake ba kowane aji. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta tana yanka shiri zuwa shafuka, sai ta riƙa ɗora su a gurabe ƙalilan na ƙwaƙwalwar aiki. In aka nemi shafi aka tarar ba ya nan, dole a je faifan ajiya a ɗauko shi, wanda jinkiri ne babba. Mu kira wannan "rashi". In gurabe sun cika, sai an fitar da wani shafi kafin sabo ya shiga. Tsari mafi sauƙi shi ne FIFO: wanda ya riga shiga, shi zai riga fita. To, a ce za a nemi shafuka a wannan jeri: 1, 2, 3, 4, 1, 2, 5, 1, 2, 3, 4, 5. Rashi nawa za a samu da gurabe 3, nawa kuma da gurabe 4?

Kafin a taɓa biro, kusan duk ajin yakan ce gurabe 4 za su fi, tun da wuri ya ƙaru. Mu bi mu gani. Da gurabe 3, bakwai na farko duk rashi ne, daga 1 har zuwa 5. A lokacin gurabe suna riƙe da 1, 2, 5, saboda haka 1 da 2 da suka biyo baya an same su a ciki. Sai 3 da 4 suka zama rashi, 5 na ƙarshe kuma yana nan. Jimilla 9. Da gurabe 4, huɗun farko rashi ne, 1 da 2 aka same su, sai 5 ya shigo ya kori 1. Daga nan abin ya lalace: aka nemi 1 da aka kora yanzun nan, shigowarsa ta kori 2, aka nemi 2, ya kori 3, haka har ƙarshen jerin, kowane shafi ana korarsa gab da a neme shi. Jimilla 10. An ƙara wuri, wahala ta ƙaru. Laszlo Belady, ɗan asalin Hangari da ke aiki a IBM, shi da abokan aikinsa suka bayyana wannan a 1969, kuma da sunansa ake kiran abin har yau.

Ɗalibar da ta haddace cewa "abin mamakin Belady yana faruwa a FIFO" za ta ci tambaya guda. Da an juya aka ce, cikin waɗannan tsare-tsare wanne ne ba zai taɓa faɗawa wannan ba kuma me ya sa, sai ta tsaya. Wadda ta bi jerin da hannu za ta yi abin da nake so ki riƙa yi, ta sake bin sa da LRU, tsarin da ke korar shafin da aka fi daɗewa ba a taɓa ba. Za ta sami 10 da gurabe 3, ta sami 8 da gurabe 4. In ta jera teburan biyu kusa da juna, za ta ga wani abu da idonta: a kowane mataki, duk shafin da ke cikin gurabe 3 yana cikin gurabe 4 ma. Saboda haka abin da ƙaramin ya samu, babban ba zai rasa shi ba. A FIFO babu wannan tabbaci. Aikin minti 20 ke nan a kan tambaya ɗaya, kuma ya fi miki tambayoyi ashirin da aka karanta amsarsu a guje.

Daga yau, in kika faɗi tambaya, ki dubi amsar ƙarshe kawai, ki rufe warwarar. Ki koma ki nemi hanyar da za ta kai ki can. Sai kin yi minti 10 ko 15 kin kasa sannan ki buɗe, kuma layin farko kaɗai za ki karanta ki sake rufewa. In kin gama, ki juya tambayar da kanki kafin mai jarrabawa ya juya miki ita. Ki ɗauki tambayar nan da aka saba yi a kan cirko-cirko, inda shirye-shirye ke riƙe da kayan aiki kowa yana jiran na hannun wani. Shirye-shirye 3, kowanne yana bukatar na'ura 3 iri ɗaya kafin ya gama, na'ura nawa ne mafi ƙaranci da za su hana cirko-cirko? Littattafai suna ba da ƙa'ida a haddace. Ba kya bukatarta. Ki tambayi kanki, mene ne mafi munin hali? Kowa ya riƙe 2 yana jiran ɗaya, 6 ke nan kuma babu mai motsi. Ƙara ɗaya, wani ya gama ya saki nasa. Amsa 7. Yanzu ki juya: bukatunsu 3 da 4 da 6 ne. Mai hadda ya rikice, ke kuwa kin san kowa zai riƙe abin da ya gaza bukatarsa da ɗaya, 2 da 3 da 5, ki ƙara ɗaya, 11.

In amsoshi suka yi karo

A nan zan daɗe, don nan ne ake zubar da lokaci da kuma ƙarfin gwiwa. Abu na farko da zan so ki cire daga ranki shi ne cewa duk saɓani yana nufin wani ya yi kuskure. Kaso mai yawa na gardamar ɗalibai a wannan fanni, kowa yana da gaskiya, ma'anar kalma ce ba su daidaita a kai ba.

Tsawon bishiya shi ne sarkin wannan rigima. A ce miki bishiya mai rassa bibbiyu tana da tsawo 3, kulli nawa za ta iya ɗauka mafi yawa? Wani littafi zai ce 15, wani ya ce 7. Na farko yana ƙirga rassan da ke tsakanin saiwa da ganye mafi nisa, don haka bishiya mai kulli ɗaya tilo tsawonta sifili ne. Na biyu yana ƙirga hawa-hawan kulli, don haka wannan bishiyar tsawonta 1 ne. Ba wanda ya yi ƙarya. In kika buɗe sabon littafi, ki nemi abin da ya ce game da bishiya mai kulli ɗaya, nan take za ki san ɓangaren da yake.

Haka kilo da mega. A lissafin ƙwaƙwalwar kwamfuta an saba kilobayit ya zama bayit 1,024, amma a saurin sadarwa kilo 1,000 ne, mega kuma miliyan cif. Tun 1998 hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya, IEC, ta fito da kibi da mebi don raba gardamar, amma masu rubuta tambayoyi da yawa ba su bi ba. Sai a ce fayil mai megabayit 1 zai bi layi mai saurin megabit 1 a daƙiƙa, kuma bayit ɗaya bit 8 ne. In kin ɗauki megan fayil ɗin miliyan ne, daƙiƙa 8 za ki samu. In kin ɗauke shi 1,048,576, za ki sami kusan 8.39. Ke da ƙawarki za ku iya yin awa guda kuna musu a kan wannan, alhali lissafin kowacce daidai ne. A jarrabawar zaɓi, sau da yawa zaɓuɓɓukan ne za su nuna miki wanda mai tambayar yake nufi. A ta rubutu, ki rubuta abin da kika ɗauka a layin farko, mai dubawa ya gani.

Wani lokacin harshen shirin ne ya bambanta. Raba -7 da 2 a cikakkun lambobi yana ba da -3 a C, saura -1. A Python, alamar // tana ba da -4, saura 1. C yana yanke ɓurɓushin ya nufi sifili, Python yana gangarawa ƙasa. Wani lokacin kuma kalma ɗaya ce a tambayar ido ya tsallake. Yankin sadarwa mai /26, wato bit 26 cikin 32 na adireshin ne ke nuna yankin, yana da adireshi 64, amma na'urori 62 kaɗai za a iya ba wa, don na farko sunan yankin ne, na ƙarshe kuma na aika wa kowa da kowa. In tambaya ta ce adireshi nawa, 64. In ta ce na'urori nawa, 62. Na ga maki da yawa sun salwanta a wannan ɗan taƙin.

Akwai kuma tambayoyin da ba su da amsa sam, sai dai an buga musu wata a bayan littafi. Wadda ta fi yawo ita ce irin i = i++ + ++i a harshen C, inda alamar ++ ke ƙara ɗaya a kan i. Ƙa'idar C ta ce in aka canza ma'ajiyi ɗaya sau biyu a irin wannan jimla ba tare da an tsara wanda zai riga wani ba, sakamakon ba shi da hukunci, komai na iya fitowa. Wanda ya rubuta littafin ya kunna ne a kwamfutarsa, abin da ya fito ya buga. Ke ki kunna da wata manhajar fassara kod, ki sami wani abu daban. A Java kuwa jimlar tana da amsa tsayayya, don Java ya wajabta a bi daga hagu zuwa dama: in i ya fara da 5, za a sami 5 da 7, wato 12. Ki lura, wannan wuri ne da shawarata ta "kunna ki gani" take gazawa. Kunnawa tana nuna miki abin da inji ɗaya ya yi, ba ta nuna abin da harshen ya yi alkawari. In kika gamu da irinta a littafin gwaji, ki rubuta "ba ta da hukunci" a gefe ki wuce, kada ki ba ta minti biyar ma.

Sai kuma kuskure na gaske a littafin. Yana faruwa, musamman a tarin tambayoyin da aka harhaɗa a gaggauce don sayarwa, inda ake kwafe amsa daga wani littafin har da kuskurenta. Kada ki yi mamaki, manyan fannin ma suna tuntuɓe. A 2006 Joshua Bloch ya sanar cewa binciken raba-biyu, hanyar neman abu a jeri ta hanyar raba jerin biyu-biyu, wanda shi kansa ya rubuta a ɗakin kayan aikin Java yana ɗauke da kuskure, kuma ya yi kimanin shekara tara a wurin ba a gano ba. Wajen neman tsakiya ana haɗa iyakar ƙasa da ta sama a raba biyu. In jerin ya yi girma ainun, jimillar takan haura 2,147,483,647, iyakar abin da cikakkiyar lamba mai bit 32 za ta ɗauka a Java, sai ta kewayo ta zama ƙasa da sifili. Algoridim ɗin da ake koya wa 'yan shekarar farko ke nan.

Duk da haka, in gaya miki gaskiya, mafi yawan lokutan da ɗalibi ya zo mini yana cewa littafi ya yi kuskure, shi ne ya yi. Gwano ba ya jin warin jikinsa, kuma ni ma ban tsira ba. Wata shekara na rubuta a takardar amsoshin gwajin da na ba ɗalibaina cewa algoridim ɗin Dijkstra, mai nemo hanya mafi gajarta, zai yi aiki ko da wasu hanyoyin suna da nauyi ƙasa da sifili, muddin babu zagayen da jimillarsa ta gaza sifili. Na haɗa sharaɗin Bellman-Ford, wani algoridim mai irin wannan aiki, da na Dijkstra ban ankara ba. Wani ɗalibi, wanda ba ya cikin masu yawan magana a aji, ya same ni bayan darasi. Bai ce littafi kaza ya ce ba. Takarda ya miƙo mini mai ɗigo uku: daga A zuwa B nauyi 2, daga A zuwa C nauyi 5, daga C zuwa B nauyi -4. Ya ce, "Malam, a bi mini wannan." Na bi. Dijkstra ya fara da A, ya ga B ne mafi kusa, ya rufe shi a kan 2 ya wuce. Alhali ta C za a isa B da 1. Cikin minti ɗaya magana ta ƙare, washegari na gyara a gaban aji. Akwai masu rubuta shi ta yadda zai sake buɗe ɗigon da aka rufe in an sami hanya mafi sauƙi, kuma wannan yakan ba da amsa daidai, sai dai ya rasa saurin da aka san shi da shi. Masu jarrabawa in suka ce Dijkstra, na asali na 1959 suke nufi.

Abin da yaron nan ya yi shi nake so ya zama ɗabi'arki. In amsarki ta saɓa da ta littafi, ki fara duba ko ma'anar wata kalma ce. In ba ita ba ce, ki ƙanƙanta tambayar har ta zama abin da za ki ƙirga da yatsu, ki gwada hanyarki da ta littafin a kai. Ɗaya daga ciki za ta karye a gabanki.

Abokai da manhajar basira

Karatu da abokai yana da amfani in bayani ake yi wa juna, don wanda ya tashi zai koyar nan take yake gano ramin da ke cikin fahimtarsa. Inda yake cutarwa shi ne in ya koma ƙuri'a, mutum huɗu sun ce B, biyu sun ce C, sai a bi B. Mutum huɗu da suka karanta littafi ɗaya mai kuskure shaida ɗaya ce. Ku sa doka a tsakaninku cewa ba a kawo harafi, aiki ake kawowa.

Manhajar basira kuwa, muryarta ɗaya ce ko ta dace ko ta kauce, shi ya sa take rikita ɗalibi. Takan yi kyau wajen bayyana ma'anar kalma, ko ƙirƙiro miki tambayoyi masu kama da wadda kika faɗi, ko rubuta ɗan kod da za ki kunna ki gwada wani abu. Inda na fi ganin ta tana zamewa shi ne dogon bi-da-bi irin na teburin shafukan can, ta tsallake mataki ɗaya a tsakiya ta ci gaba kamar ba abin da ya faru. Kuma in kika ce mata littafi ya ce kaza, sau da yawa sai ta ba ki haƙuri ta koma bayan littafin, ko da ita ce mai gaskiya tun farko. Ki ɗauke ta abokiyar bita, amma kada ki naɗa ta alƙali.

In za ki kai shakka gaban malami, ki kai ta a shirye. Ki rubuta tambayar cikakkiya yadda take, ki faɗi inda kika samo ta, ki nuna aikinki, ki ja layi a matakin da kika rabu da littafin. Rabin lokuta, kafin ki gama rubuta wannan kin ga kuskuren da kanki.

Wata huɗun da suka rage

Ki sami littafi guda na kurakurai. Kada ki kwafe warwara a ciki, wannan ɓata tawada ne. Layi biyu sun isa: lambar tambayar, da dalilin faɗuwa a bakinki, kamar "na manta a bit 8 lambobi masu alama daga -128 zuwa 127 suke, na ɗauka -127 ne", ko "na karanta na'urori a matsayin adireshi". Bayan sati uku ki karanta shi daga farko. Za ki ga kurakuranki ba ɗari ba ne, 'yan kaɗan ne suke sauya riga suna dawowa. Ni nakan ce wa ɗalibaina su sake yin tambayar da suka faɗi bayan kwana 3, sai bayan kwana 10, sai bayan wata, kowane karo a farar takarda. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a farkon lokaci bayan koyo, sannan ta lafa, don haka komawar farko ce ba a so a jinkirta.

Ki daina yin tambayoyi babi-babi kaɗai. In kin yi talatin a jere duk a kan jera lambobi, kin san maganin tun kafin ki karanta ciwon. Ki gauraya su, ɗaya daga rumbun bayanai, ɗaya daga sadarwa, ɗaya daga algoridim. Makinki na gwaji zai sauka a satin farko, kada ki tsorata, ainihin matsayinki ne ya bayyana.

Tambayoyin ma ba darajarsu ɗaya ba. Tsofaffin takardun hukumar da za ta yi miki jarrabawa su ne a sama, don su ne za su nuna miki ma'anar da masu tambayar suke bi a kan tsawon bishiya da kilo da sauransu. Sai atisayen da ke cikin littattafan da tsarin karatun jarrabawar ya ambata. Tarin 'yan kasuwa ya zo a ƙarshe. Watan ƙarshe ki ware shi don cikakkun takardu da agogo a gabanki, ba a fafe gora ranar tafiya.

Game da canki-canka, ki duba dokar jarrabawarki. In ba a rage maki don kuskure, kada ki bar ko ɗaya babu amsa. In zaɓi huɗu ne kuma ana rage kashi ɗaya bisa uku na makin tambayar, cankar ido rufe ba riba ba asara a lissafi: sau ɗaya cikin huɗu ki ci maki 1, sau uku ki rasa ɗaya bisa uku, sun cinye juna. Da kin iya kore zaɓi ɗaya tak da hujja, lissafin ya koma wajenki.

Komawa karatu yana da wurinsa, amma babi-babi. Alamar ita ce, in kika zauna za ki bi tambaya da hannu kika rasa ko ta ina za ki ja layin farko, to a wannan babin karatu ne ya yi ƙaranci, ki ajiye tambayoyinsa kwana biyu ki koma littafi.

Sai dai in yi miki adalci, hanyar nan ba ta kai ko'ina ba. A ɓangaren nazarin abin da inji zai iya lissafawa da wanda ba zai iya ba, irin hujjar Alan Turing ta 1936 cewa babu shirin da zai iya faɗa wa kowane shiri ko zai tsaya ko ba zai tsaya ba, babu ƙaramin misalin da za ki kunna ya raba gardama. Misali ɗaya yana iya rushe da'awa, amma misalai dubu ba sa tabbatar da ita. A can sai kin zauna da hujjar kanta, ki rufe littafi ki sake gina ta, kuma a nan ne malami ya fi amfani. Sannan hanyar tana cin lokaci, wataƙila ki sauko daga tambaya hamsin a rana zuwa goma sha biyar. Ba ki kuma faɗa mini wace jarrabawa ce ba, ko ta zaɓi ce ko ta rubutu, kuma rabon lokacinki zai danganta da wannan. Ki turo mini sunanta, tare da tambayoyi biyu cikin waɗanda amsarki ta saɓa da ta littafi, kowacce da aikinki a rubuce har zuwa matakin da kuka rabu, mu bi su tare.